Ranar da Baba Ya Yanka wa Garinmu Farashi

Garinmu yana ƙarƙashin ruwa. In mutum ya tambaye ni asalina haka nake ce masa, in ya yi dariya in bar shi da dariyarsa. Gungu ne, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, tsohon gari mai ganuwar dutse, da kasuwa, da lambunan albasa har bakin ruwa. Da aka tare kogin a Kainji ruwa ya taso ya haɗiye shi, aka kwashe mu zuwa gaɓa a ƙasar Ngaski, aka zuba mu a gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Ina ƙarama a lokacin. Abin da na riƙe bai wuce kukan awaki cikin jirgi ba, da Inna zaune kan dutsen niƙanta ta hana kowa ya taɓa.

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan na girma, zamanin muna cikin jihar Sakkwato. Na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, in Juma'a ta yi in hau mota in je in kwana wurin iyayena. Baba ba ya kiran sunana, ni ce 'yar fari. Malama yake ce mini, rabi girmamawa, rabi tsiya.

Ruwan bai cinye garin duka ba. Kan tudun ya rage, da guntun ganuwa, da wata kuka da ta mutu a tsaye. In bazara ta yi ruwa ya ja baya, sai tushen katangu su leƙo, da ramukan niƙa a kan falalen dutse, da tsingaro ko'ina. Wannan kufai shi ne wurin zuwan Baba. Gonar da aka ba shi a sabon wuri tsakuwa ce zalla, kamun kifi kuwa a babban tafki sai mai inji da manyan taru. Shi abin da ya rage masa tsohon jirginsa ne na katako, wanda ya kwaso mu a cikinsa. Kusan kullum sai ya tuƙa ya tafi, wai zai duba ƙugiyoyinsa. Inna takan ce ƙugiyoyin nan dai ba su taɓa kama abin da ya cika tukunya ba, gaisuwa yake zuwa. Jirgin nan shi ne ƙafarsa zuwa garinsu, ba shi da wata.

Ban san wanda ya fara kai labarinsa ba, amma sai baƙi suka riƙa zuwa. Turawan da ke aiki a madatsar ruwa, da na kamfanin hanya, da Indiyawa malaman sakandare, da ɗaliban jami'a da rikodarsu, da ma'aikata daga Sakkwato masu hutun ƙarshen mako. Su tsaya da mota a bakin ruwa su ce ina tsohon nan mai nuna garin da ya nutse. In Asabar ce ina nan, sai in shiga jirgin in yi tafinta.

Wallahi Baba ya iya magana. Zai tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa, ba komai sai ruwa ta kowane gefe, ya ce nan ƙofar gari take, ku sunkuyar da kai, ƙofar gajera ce. Sai ka ga ƙaton Bature ya sunkuya. Ya ce nan kasuwa, nan mahauta ke zama, ga inda mata ke kasa albasa, ga rijiyar da ba a ɗiba ran Alhamis. Ya faɗi yadda mayaƙa suka zo ta ruwa a zamanin kakan kakansa, mutanen gari suka mirgino musu duwatsu daga kan ganuwa. Ya nuna dutsen da masu addinin gargajiya suke yi wa yanka, ya ce su ma namu ne, tare muka taso. Na ga wata Baturiya ta cire tabarau tana share ido. Ni da nake juya maganar zuwa Turanci baƙin nake fuskanta, shi kuma idonsa yana kan tuddan gaɓa, yana daidaita wani dutse da wata giginya, da haka yake gane inda yake. Bai taɓa faɗa wa kowa alamun ba, ni ma ban tambaya ba. Wuri ɗaya ne ba ya nunawa baƙo, gidanmu. Yakan ce baƙo iyakarsa zaure.

To a nan tsiyar take. A wurinmu in ka nuna wa mutum hanya, ko ka ba shi ruwa, ko ka ba shi labari, ya miƙo maka wani abu, ba ka karɓa da miƙon farko. Ka ce a'a, haba, bar shi. Ya sake miƙowa, ka sake turewa. A na uku ya cusa maka a aljihu ya ce na goro ne, sai ka yi godiya ka sa albarka. Ko yaro ya san wannan. Mai bayarwa ya fita kunya, mai karɓa bai zubar da girmansa ba.

Bature bai san wannan ba. Za a dawo gaɓa ya zaro jakar kuɗi da zuciya ɗaya, ka ga mutumin nan ya ji daɗi, a shirye yake ya biya. Baba ya ɗaga hannu biyu ya ce, "A'a, haba, bar shi, baƙo kake." Ni kuma in fassara, don in na ƙara ko kalma ɗaya yana ganewa daga tsawon maganar.

"Malama," yakan ce, "abin da nic ce shi za ki hwaɗa mai, kar ki sa gishirinki."

Sai Baturen ya dubi matarsa, matar ta dafa ƙirji ta ce kai, wannan tsoho akwai mutunci. Jaka ta koma aljihu. Su girgiza masa hannu har kafaɗa ta amsa, su shiga mota. Wani ya bar masa hula, wani gwangwanin madara wanda babu madarar, wani ya ce zai aiko da hoto. Mu tsaya muna kallon ƙurar motar, Baba yana cewa Allah ya kai su lafiya.

Wata rana na kasa haƙuri, na bi wani Bature har motarsa na ce masa a'ar nan ta tsohon ba a'a ba ce. Fuskarsa ta yi jawur. Ya ce shi tsoro ya ji kar ya ci mutuncin dattijo, ya ce da akwai allo da aka rubuta farashi da tuni ya biya, haka ake yi a ƙasarsu. Na ce a tsakiyar ruwa za mu kafa allon? Ya ba ni abin da ya ba ni. Da Baba ya gane, ya ce na bi baƙo da ƙoƙon bara da sunansa. Sai da watan ya mutu kafin ya sake amsa gaisuwata da kyau.

Amma Turawan ma da sauƙi, rashin sani ne. Waɗanda suka fi ƙona mini rai namu ne, ma'aikatan nan masu manyan riguna. Su sun san wasan sarai, a gidajensu haka ake yi. Sai mutum ya sa hannu a aljihu a hankali kamar mai ciwon kafaɗa, Baba yana cewa a'a, tun bai rufe baki ba an zare hannu. "To, Baba, Allah ya saka da alheri." Wani har ya ce ai tarihi na kowa ne, ba a sayar da shi. Mutumin nan a gabana ya sayi bandar kifi cike da but ɗin mota bai ce uffan ba. Kifi abin riƙewa ne a hannu, shi ya sa yake da kuɗi. Maganar da ta sa shi ya yi shiru rabin yini a kan ruwa kuwa iska ce a wurinsa. 'Yan jami'a su cika kaset da muryar Baba su tafi da ita, ko goro babu. Kunyar marar kunya asara ce, na faɗa wa Baba haka ya fi a ƙirga.

Ana nan jirgin ya fara shan ruwa. Da fari Inna tana toshe shi da tsumma da kwalta. Daga baya ya zama in muna tafiya ina fassara da baki, hannuna yana kwarfar ruwa da ƙwarya, baƙi suna ɗaga ƙafa suna kallon juna. Muka kira kafintan jirgi daga Yelwa. Ya soka ƙusa a katakon ƙasa, ƙusar ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Ya ce ƙasan duka sai an sauya, in ba haka ba iskar farkon damina za ta raba shi biyu. Ya faɗi kuɗinsa. A shekarar malamai mun yi watanni ba mu ga albashi ba, ni da maigidana bashi muke ci. Babu inda za a samo.

Da yamma muna zaune a tsakar gida Inna ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce masa daga yau duk wanda ya zo a yanka masa kuɗi tun a gaɓa, kafin ya sa ƙafa a jirgi. Na ce nima abin da nake faɗa ke nan.

Baba ya ce, "In sayar da mi? Ruwan na Allah ne, garin na matattu ne, bakin kuwa kyauta anka ba ni."

Inna ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jirgin ga in ya nutse, da mi za ka je wurin matattun naka? Da ƙafa?"

Ya tashi ya ɗauki buta ya fita. Amma na ga maganar ta shige shi, don a makon nan, in ji Inna, sau da yawa tana jin shi a bayan ɗaki yana maimaita kuɗin kafinta shi kaɗai, kamar yaro mai hadda.

Asabar ɗin da ta biyo, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a bakin ruwa. Direba ya buɗe ƙofa, wani mutum ya fito, ba zai wuce sa'ar yayana ba da ina da yaya. Riga da wando irin na Turawa, baƙin tabarau, takalmi yana ƙyalli. Ya yi sallama da Hausa mai tsami irin ta wanda ya tashi a kudu, ya ƙarasa da Turanci. Ya ce yana son a kai shi garin da ya nutse. Na taɓa Baba da gwiwar hannu.

Har yau ina ganin yadda ya yi. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, ya yi gyaran murya, ya faɗi kuɗin kafinta cif, bai rage ko sisi ba. Muryarsa ta fito siririya, ba tasa ba. Ina jiran mutumin ya ce haba, ya taya, a yi ciniki kamar mutane. Bai taya ba. Ya zaro ya miƙa kamar mai biyan kuɗin mota. Baba ya karɓa da miƙon farko, karo na farko a rayuwarsa, ya cusa a aljihu da sauri kamar abin yana da zafi. Ni dai daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

Muka tura jirgi. Baba ya yi aikinsa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya nuna ƙofar gari, ya nuna kasuwa, ya faɗi yaƙin duwatsu. Mutumin bai sunkuyar da kai a ƙofa ba, bai yi tambaya ba, bai ɗauki hoto ba. Ya zauna ruwa yana jiƙa masa takalmi bai ko ɗaga ƙafa ba. Na ɗauka girman kai ne.

Mun wuce kasuwa Baba zai juya mu wajen tudu, sai mutumin ya cire tabarau ya yi magana. Ba da Turanci ba, ba da Hausa ba. Da Gunganci ya yi, harshenmu na gida, amma irin na ƙaramin yaro, a karye. Ya ce, ina gidan maƙeri na gindin tsamiya?

Filafilin tuƙi ya tsaya a hannun Baba. Jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa.

"Wa kake nema gidan?"

"Innata tana can."

Sai ya koma Hausa ya faɗa. Uwarsa ta rasu shekarar da ake shirin tashi, aka binne ta a bayan gida. Da ruwa ya zo ubansa bai daɗe ba shi ma, kawunsa soja ya ɗauke shi ya tafi da shi kudu. Bai sake dawowa ba sai yau. Bai san kowa ba, ya ji dai an ce akwai wani tsoho mai kai mutane in an biya shi.

Maƙerin nan, uban mutumin, abokin kaciyar Baba ne. Danga ɗaya ta raba gidansu da namu. Baba ne ya haƙa kabarin matar da hannunsa, shi ya saɓa wannan yaro a wuya ranar jana'iza don kar ya ga ana zuba ƙasa. Duk wannan daga baya Inna ta faɗa mini. A cikin jirgin abin da na gani kawai shi ne fuskar Baba ta zube. Ya kira mutumin da wani suna na yarinta, mutumin ya ɗago a firgice.

Baba ya juya kan jirgi. Ya dubi gaɓa, ya tuƙa, ya sake duba, ya ja baya kaɗan, ya kafa filafili. Ya nuna ruwa da haɓa. Mutumin ya durƙusa cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, ya miƙa hannu waje ya dafa tafki da tafinsa, ya yi ta kuka ba sauti. Muka yi addu'a. Ni ina kallon mutumin, hannuna yana kwarfa don kar mu nutse. Ban dubi gaɓa ba. Da na duba da na san inda aka haife ni, don danga ɗaya ce tsakani.

Da muka sauka Baba ya zaro kuɗin nan ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ɗana, riƙe abinka. Ban san kai ne ba. Ba a sayar ma ɗan gida hanyar gidansu."

Mutumin ya ce a'a, Baba, bar shi.

Baba ya sake miƙawa, mutumin ya ture. A na uku Baba ya kama aljihun rigarsa zai cusa, yadda ake yi, yadda duk ɗan garinmu zai tsaya a cusa masa. Mutumin ya riƙe masa hannu da ƙarfi, yana murmushi da jajayen idanu, ya ce, "Haba Baba, ai sana'arka ce. Kowa da inda yake ci." Ya ƙaro wasu a kai, ya ɗora bisa katakon jirgi, ya danne da dutse. Da alheri ya yi nufi, na rantse da alheri ya yi nufi. Direba ya ja mota.

Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kawo baƙon da ya iya nacewa. Ga shi ya kawo.

Baba ya bar kuɗin nan a kan jirgi ya wuce gida. Inna ce ta je ta ɗauko. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta aika wa kafinta. Aka sauya ƙasan jirgin, aka shafe shi da kwalta, ya fito kamar sabo, ɗigo ɗaya ba ya sha. Inna ta ce, "Malam, ga jirginka." Ya ce ya gani. Bai shiga ba ranar, bai shiga ba washegari. Damina ta zo ta wuce, ruwa ya cika ya sake ja, ƙugiyoyinsa suka yi tsatsa a jikin danga. A ƙarshe ɗan ƙanen Inna ya riƙa dakon itace da buhunan albasa da shi.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Su tarar da shi a gindin dogon yaro, su ce kai ne tsohon? Ya ce ga ruwa can, ku je ku duba, ba a biya. Daga baya wani mai jirgin inji daga Wara ya kafa allo a bakin ruwa, da farashi a rubuce da jan fenti. Ba ɗan garinmu ba ne, ko sunan ƙofar gari bai sani ba. Yakan zaga da mutane ya nuna duk inda hannunsa ya faɗa. Suna biya da murna, har layi suke yi.

Na yi fushi da Baba, kuma ban ce ba ni da gaskiya ba. Da bai faɗi kuɗin nan ba da jirgin ya rabe da shi a tsakiyar tafki. Ko yau aka mayar da ni tsakar gidan nan, abin da Inna ta faɗa shi zan mara wa baya. Amma gaskiyar tawa ba ta mayar da shi ruwa ba. Ina kallo ya rame, ya rage magana, mutumin da ke sa ƙato ya sunkuyar da kai a tsakiyar tafki. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Da na haifi ɗiyata ta fari na zo wankan gida. Wata safiya na same shi a gindin itacen nan, na zauna kusa da shi da jaririyar a cinya. Ruwa ya ja sosai shekarar, ana hango kukar daga gaɓa. Na lallaɓa shi, na ce Baba, ni ba baƙuwa ba ce. Ka kai ni sau ɗaya ka nuna mini gidanmu, ka nuna mini dutsen da giginyar da kake dubawa, in wannan ta girma in sami abin nuna mata. In ba ka nuna mini ba, wa zai nuna?

Ya daɗe yana kallon ruwa. Ya miƙo yatsa jaririyar ta kama. Na ɗauka ya sauko, har na fara tunanin wa zai riƙe mini ita.

Bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Nawa za ki biya, Malama?"

Ban sake tambayarsa ba. Kafin ɗiyar ta yi tafiya muka binne shi a sabon wuri, cikin tsakuwa.